Coulée de Serrant: farar giyar inabin da ba a buɗewa a sha nan take

Wanda ya biya wajen Yuro 100 ya sayi kwalbar Coulée de Serrant, ya ciro ta daga firji da sanyinta, ya zare toshiya ya tsiyaya a kofi nan take, to ya zubar da kuɗinsa. Abin da zai ji bai wuce tsami da zafin barasa ba, sai wani ɗan wari na tuffar da ta kwana a yanke. A nan mutane da yawa ke yanke hukunci cewa giyar ta lalace. Wani lokaci suna da gaskiya, ta lalace ɗin. Sau da yawa kuwa ba ta saki jiki ba ne tukuna. Mai saye ba zai iya rarrabe waɗannan biyun ba sai ya san yadda ake noman inabin da abin da ake yi masa bayan an tsinko shi.

Tun da wuri a sani, giya ce mai sa maye. Ƙarfin barasarta yakan kai kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari, wata shekarar har ya ɗara. Musulunci ya haramta ta, kuma a jihohin arewacin Najeriya masu bin shari'a ba a sayar da irinta a fili. Bayanin nan na masu sha ne, da kuma ma'aikatan otal da gidajen abinci a Abuja, Yamai ko Akara, waɗanda baƙo zai nuna wa suna a takardar abin sha ya ce a kawo, su kuwa ba su taɓa kai ta baki ba.

Gonar tana ƙauyen Savennières, wajen kilomita 15 kudu maso yammacin birnin Angers na ƙasar Faransa, a gaɓar arewa ta kogin Loire. Duk gonakin da doka ta yarda su sa sunan Savennières a kwalba ba su fi hekta 150 da 'yan kai ba, kuma inabi iri ɗaya tak ake dasawa, farin nan da ake kira Chenin. A cikin wannan ɗan yanki akwai wani gangare mai hekta 7, shi ne Coulée de Serrant. Sufayen Kirista na ɗariƙar Cistercian ne suka fara dasa inabi a wurin a 1130. Tun 2011 waɗannan hekta 7 suke da sunan kansu a dokar giya ta Faransa, ba a ƙarƙashin Savennières ba, kuma iyali ɗaya ne ya mallake su kaf. Gonakin da ke da irin wannan gata a Faransa, da yatsu ake ƙirga su, irin su Romanée-Conti, La Tâche da Château-Grillet. Curnonsky, shahararren mai sharhi kan abinci, ya sa ta cikin fararen giya biyar da suka fi kowacce a Faransa, tare da Yquem, Montrachet, Château-Grillet da Château-Chalon. Sai dai shi haifaffen Angers ne, ba a rasa son na gida a ciki.

Ƙasar gonar ba ta da zurfi. Ka haƙa santimita 20 zuwa 40, sai ka ci karo da dutse, irin mai falle-falle da ke tsagewa, saiwar kuringa ta bi tsagar ta nutsa neman ruwa. Gangaren yana fuskantar kudu da kudu maso gabas, saboda haka yana shan rana tun hantsi, dutsen ya riƙe zafin ya sake shi da dare. Ruwan sama ba ya kwanciya. Kuringar da ke cikin irin wannan ƙunci ba ta yin 'ya'ya da yawa, amma 'yan da ta yi sukan cika da zaƙi da tsami a lokaci guda. Ga kuma kogi a ƙasa, wanda ke tayar da hazo da asuba a watannin Satumba da Oktoba. Wannan hazon shi ke kawo fumfunar da za mu zo kanta.

Iyalin Joly sun sayi gonar a farkon shekarun 1960. Nicolas Joly, wanda aka haifa a 1945, ya yi karatun kasuwanci a jami'ar Columbia a Amurka, ya yi aiki a bankin J.P. Morgan a New York da Landan, sannan ya bar aikin ya dawo gida a 1977. Da farko ya bi shawarar malaman gona na lokacin, ya yi ta fesa maganin ciyawa da na ƙwari, sai ya ga launin ƙasar yana sauyawa, ƙananan halittun gonar suna ɓacewa. Daga nan ya koma wa koyarwar Rudolf Steiner, mutumin Ostiriya da ya gabatar da laccocinsa kan noma a 1924. Ya fara gwaji a 1980, zuwa 1984 duk gonakinsa sun koma wannan tsari da ake kira biyodinami. A 2001 ya kafa ƙungiyar manoman inabi masu irin ra'ayinsa, Renaissance des Appellations. Ba ya son a kira shi mai haɗa giya. Mataimakin halitta yake kiran kansa. 'Yarsa Virginie ta shigo aikin tun farkon shekarun 2000, kuma yau yawancin ragamar gona da rumbu a hannunta take.

Abin da aka fi yi wa tsarin dariya a kai shi ne ƙahon saniya. Da kaka ana cusa ɗanyen kashin shanu a cikin ƙaho, a binne shi ya yi hunturu a ƙasa, a tono shi bayan wata shida ya zama baƙi mai laushi, babu wari. Ana ɗibar wajen giram 100 don hekta ɗaya, a zuba a ruwa lita 30 zuwa 35, a yi ta juyawa awa ɗaya cur, a juya dama har ruwan ya yi rami a tsakiya, a katse a juya hagu. Da yamma ake yayyafa shi a ƙasa. Haɗi na biyu garin farin dutsen ƙanƙara ne, shi ma a ƙaho, amma lokacin zafi ake binne shi. Wajen giram 4 ya ishi hekta, kuma da sassafe ake fesa shi a ganye. Akwai kuma jiƙon ganyaye da kalandar wata da taurari da ake bi wajen askin kuringa da girbi.

Giram 100 na taki a hekta guda ba zai ciyar da ƙasa ba, kuma babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna cewa ƙahon da taurarin sun fi noma marar sinadari na yau da kullum. Abin da ke gyara inabin yana wani wajen. Ba a fesa maganin ciyawa. Takin daga garken shanun gonar yake, 'yan asalin yankin Nantes. Tumaki na kiwo tsakanin layuka da hunturu. Inda gangaren ya yi tsanani da doki ake huɗa, wani wurin da hannu, saboda haka nauyin tarakta bai daddale ƙasar ba. Idan kuringa ta mutu, daga tsofaffin gonar ake yanko reshe a maye gurbinta, wasunsu sun haura shekara 80, ba a sayo dashe iri ɗaya daga gandun raino. Sai uwa uba ƙarancin amfani: lita 2,000 zuwa 2,500 a hekta, alhali dokar Savennières ta yarda har lita 5,000. Idan ka buga lissafi, hekta 7 za su ba da kwalba 19,000 zuwa 23,000 a shekara mai kyau. Duk manomin da ya yi waɗannan abubuwa zai ga bambanci, ko ya binne ƙaho ko bai binne ba.

Tsarin yana da tsadarsa. Maganin cutar ganye a wurinsu farar wuta ce da ruwan jan ƙarfe, kuma su a saman ganye kawai suke zama, ba sa shiga jikin shuka. Ruwan sama na milimita 20 ya isa ya wanke su, sai an sake bi layi-layi a kan gangare. Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade jan ƙarfen, kilo 28 a hekta cikin shekara 7. Shekarar da ruwa ya yi yawa a Mayu da Yuni, amfani yakan faɗi. Ga sanyin Afrilu mai daskarar da raɓa ya ƙone sabon toho, wanda ya yi wa manoman Loire ɓarna a 2016, 2017, 2019 da 2021.

A wajen girbi ne Joly ya rabu da yawancin maƙwabtansa, kuma daga nan duk gardamar ta taso. Ana iya tsinkar Chenin yana kore-kore, a samu giya mai kaifi mai ƙamshin lemun tsami. Shi kuwa yakan jira sai 'ya'yan sun yi rawaya sosai, wasu sun fara komawa ruwan ƙasa, wasu kuma fumfunar botiritis ta kama su. Wannan fumfuna tana huda fatar inabi, ruwa ya ƙafe, zaƙi da ɗanɗano su taru wuri ɗaya. Da yake nonon inabi ba ya nuna lokaci ɗaya, masu girbi kan zagaya gonar sau uku zuwa biyar cikin makonni, kowane zagaye su ɗebi wanda ya kai su bar saura. Yisti na buƙatar wajen giram 17 na sukari a lita don ya ba da kashi ɗaya na barasa. Giyar da ta kai kashi 15 ke nan daga ruwan inabi mai sukari giram 250 a lita ta fito, ba tare da an ƙara ko cokali ɗaya ba. Ribar jiran ita ce kauri da zurfin ɗanɗano. Hasarar kuwa biyu ce. Fumfunar tana fitar da wani sinadari, lakas, da ke sa ruwan inabi ya yi saurin haɗuwa da iska ya yi duhu, kuma farar wutar da ake zuba wa giya don ta tsare ta ba ta kashe shi da sauƙi. Sannan ruwan inabin da fumfuna ta taɓa yana ɗaure farar wutar da aka zuba, ya bar kaɗan da za ta tsare giyar a kwalba.

A rumbu kusan ba a yin komai, da gangan. Ana matse inabin a hankali, a zuba ruwan a tsofaffin gangunan itacen oak masu cin lita 500, sababbi ba sa wuce kashi 5 cikin ɗari, don kada ƙamshin katako ya rufe na inabi. Ba a sayo yisti. Wanda ke jikin fatar inabin da bangon rumbun shi ke aikin. Ba a sanyaya gangunan da na'ura. Saboda haka ruwan yakan ɗauki watanni yana tashi kafin ya zama giya, wata ganga ta riga wata. Bayan wata 6 zuwa 8 a ganga sai a ɗan tace sama-sama, a sa farar wuta kaɗan, a ɗura a kwalba. Masu cewa giyar Joly ba ta da farar wuta ko kaɗan sun yi kuskure. Tana da ita, ƙanƙanuwa ce dai.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da inda yake iya kuɓucewa. Yistin daji yakan gaji idan barasa ta doshi kashi 15, ya bar ɗan sukari, shi ya sa wata shekarar giyar ba ta da zaƙi sam, wata kuma ka ji shi a gefen harshe. Idan tashin ya yi nawa, ƙwayoyin da ke mai da barasa ruwan khal sukan samu ƙofa. Toshiyar ɓawon itace kuma ba ɗaya take ba: wata tana barin iska ta shiga fiye da wata, kuma giyar da ba ta da isasshiyar farar wuta ba ta da garkuwa. Kwalba biyu daga kwali ɗaya, bayan shekara 10, ɗaya ta fito ruwan zinariya, ɗayar ruwan shayi. Masu sharhi sun daɗe suna wannan ƙorafi, musamman kan kwalaben shekarun 1990 da na farkon 2000. Da yawansu na ganin abin ya daidaita tun da Virginie ta karɓi rumbu. Amsar Joly kullum ita ce nuna daban, lalacewa daban: giyar da iska ta kashe ba za ta ƙara daɗi ba bayan kwana uku a buɗe, tasa kuwa tana ƙarawa. A kan kwalba lafiyayya maganarsa gaskiya ce. Ba ta dai wanke waɗanda suka mutu ba.

Ga yadda lafiyayyar kwalba mai shekara 4 zuwa 6 take. Launinta rawaya ne mai duhu tun tana sabuwa, wannan ba aibi ba ne. A awa ta farko hanci ba ya samun abin kirki: tuffa, ɗan kakin zuma, wani lokacin warin ashana da ke gushewa. A baki tsami ne a gaba, barasa na ɗumama maƙogwaro. Bayan ta kwana da iska sai abin ya juya. Zuma ya fito, da ɓawon lemo, da citta, da gasasshiyar tuffa, da wani gardi na soyayyiyar gyaɗa can ƙasa. Ruwan yana da kauri a baki har ka zata mai zaƙi ce, amma idan ka haɗiye sai ka ji babu zaƙin, sai bauri kaɗan da ɗaci-ɗaci da gishiri-gishiri, su daɗe a harshe fiye da rabin minti. Wannan ɗacin na ƙarshe shi ne tambarin Chenin da ya girma a kan irin wannan dutse, kuma shi ke hana kaurin ya gundure ka. A rana ta uku takan fi haɗuwa, zafin barasar ya lafa. Mai shekara 10 zuwa sama tana karkata wajen dabino, busasshen lemo da hayaƙi-hayaƙi. Inda take da rauni shi ne a shekarun zafi, lokacin da barasa ta rinjayi tsami. Kofi ɗaya ya isa ka ji nauyi.

Gane wadda ta lalace ba wuya idan an yi haƙuri. A zuba kaɗan a kofi, a riƙe shi a kan farar takarda. Rawaya mai sheƙi, ko da ya yi duhu, lafiya. Ruwan ƙasa marar sheƙi, alamar tambaya. A sansana, a ajiye, a dawo bayan awa biyu. Lafiyayya tana ƙara sababbin ƙamshi, tsaminta yana nan da rai. Wadda iska ta ci ƙamshinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ruɓaɓɓiyar tuffa da tsohuwar gyaɗa, a baki kuma lami, ta yanke nan da nan. Warin jiƙaƙƙen kwali kuwa daga toshiya yake, iska ba ta gyara shi, ƙara fito da shi ma take yi. Warin ruwan khal ko na man goge farce, idan ya kai yana sukar hanci, shi ma ba ya komawa. A gidan abinci duk waɗannan dalilai ne na mayar da kwalba. Duhun launi shi kaɗai ba dalili ba ne, kuma ya kamata mai kawo abin sha ya faɗa wa baƙo haka tun kafin ya zare toshiya.

Wajen shirya ta, a tsayar da kwalbar kwana ɗaya don gwiɓa ta kwanta, sannan a juye a tulun gilashi mai faɗin gindi. Gidan Joly na ba da shawarar a yi haka awa 24 kafin sha, ko a juye ta sau da yawa daga tulu zuwa tulu idan lokaci ya ƙure. Wannan na mai ƙananan shekaru ne. Wadda ta haura shekara 15 a fara ɗanɗanawa tukuna, don wata awa ɗaya ko biyu ya ishe ta. A sha a kan digiri 14. Firji yana kan digiri 4 zuwa 5, wanda ke kulle ƙamshi ya bar tsami tsirara. Sama da 18 kuma barasa ke hawa kai. A garin zafi abin da ya fi shi ne a rufe bakin tulun a sa a firji, a fito da shi minti 20 kafin a zauna, a riƙa mayar da shi cikin bokitin ruwan sanyi, ba ƙanƙara zalla ba. Kofi ya zama babba mai tumbi, a zuba kashi ɗaya cikin uku. Kwalba mai mililita 750 kofi shida ce, kuma a kashi 15 kowane kofi na ɗauke da wajen giram 15 na barasa. Wanda ya sha biyu ba shi da batun tuƙi.

Abinci mai maiƙo da ɗan kirim take so. A gaɓar Loire da kifin kogi da miyar man shanu ake haɗa ta, ko kaza da naman maraƙi da aka dafa da kirim, ko cukun Comté da ya daɗe. Gasasshen zabo ko giwan ruwa da man shanu da lemun tsami za su zauna da ita daram. Tsire mai yaji da farfesu mai attaruhu kuwa a'a: barkono da barasa mai ƙarfi suna rura juna, bakin ya ɗauki wuta, ba ka ji giyar ba, ba ka ji naman ba.

Babban haɗarinta a ƙasashenmu tafiya ce da ajiya. Tana son digiri 12 zuwa 14, a kwance, cikin duhu. Kwantenar da ta yi makonni a rana a tashar jirgin ruwa ta Legas, Kwatano ko Tema, ko kantin da ake kashe wa na'urar sanyi da dare, sun isa su dafa ta, kuma giya mai ƙarancin farar wuta ta fi kowacce saurin jin jiki. Kafin a biya a duba abu uku: ko toshiyar ta turo murfin sama, ko akwai danƙo-danƙon da ya tsiyayo a wuyan kwalbar, ko ruwan ya sauka ƙasa da inda ya kamata. Ɗaya daga ciki ya isa a fasa. A tambayi mai kanti ta yaya ta iso da inda ta kwana. In ya yi inda-inda, a bar masa kayansa.

Gidan yana da wasu giya biyu. Clos de la Bergerie daga yankin Roche-aux-Moines take, maƙwabcin Coulée, ta fi taushi da saurin sakin jiki. Les Vieux Clos kuwa Savennières ce zalla, kuɗinta bai kai rabin na babbar ba, hannu ɗaya ne ya yi su, salo ɗaya. Wanda bai taɓa shan giyar Joly ba da ita ya kamata ya fara. In zuma da ɗacin nan ba su yi masa ba, ya tsira da sauran kuɗinsa. Mai son Savennières tsaf-tsaf, kowace kwalba kamar 'yar'uwarta, ya nemi ta Domaine des Baumard ko ta Thibaud Boudignon. Coulée de Serrant ta cancanci kuɗinta ga wanda ke da wurin ajiya mai sanyi da haƙurin jiran kwana guda, kuma ya yarda cewa wata kwalbar za ta ba shi kunya. Irin wannan mai saye gara ya ɗauki biyu ko uku na shekara ɗaya daga dillalin da ke karɓar wadda ta lalace. Gidan abincin da ba shi da firjin giya na musamman, ko wutar da ba ta yankewa, kada ya sa ta a takardarsa.